Tabar Wiwi da Samarinmu: In An Halasta Ta a Wata Ƙasa, Ba Ta da Illa Ke Nan?

Kowace shekara, da an gama girbi, samari da yawa daga ƙauyukanmu sukan kama hanyar Duwala neman kuɗi. Wasu sukan hau jirgin ƙasa daga Ngawundare zuwa Yawunde, daga can su shiga mota. Wasu kuma su bi manyan motocin shanu da na albasa. Yawancinsu a New Bell suke sauka, unguwar baƙi, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin Turawan mulkin mallaka. A can wani ya yi dako a Kasuwar Kongo, wani ya tura baro, wani ya gasa tsire, wani ya karɓi babur ya shiga acaɓa, wadda mutanen Duwala ke kira bensikin, yana kai fasinja daga New Bell zuwa shataletalen Deido, ya haye gadar Wuri zuwa Bonaberi.

Aiki ne mai wuya, ga zafi, ga ruwan sama, ga kwana a ɗakin haya mutum biyar ko shida. A irin wannan zama ne yaro yakan fara haɗuwa da tabar wiwi, wadda a Kamaru aka fi sani da banga. Ranar da ya dawo gida mahaifinsa ya ji warinta a rigarsa, ya yi masa faɗa, sai yaron ya ce: "Baba, ai magani ce. Turawa ma sun halasta ta. A Kanada a kanti ake sayar da ita, na gani a waya." Uba ya rasa ta cewa, domin bai san ko gaskiya ne ba.

An rubuta wannan ɗan littafi domin iyaye su sami amsa, samari kuma su ji abin da wayar ba ta gaya musu ba.

Mece ce tabar wiwi?

Tsiro ne da ake busar da furensa da ganyensa, a naɗa a takarda a sha kamar sigari. Wasu sukan dafa ta a shayi ko a abinci, wasu su jiƙa ta a giya. Akwai sinadarai masu yawa a cikinta, amma biyu ne ya kamata a sani. Na farko sunansa THC, shi ne mai bugarwa. Na biyu sunansa CBD, shi ba ya bugarwa.

In an zuƙi hayaƙin, THC yakan bi ta huhu ya shiga jini, ya kai ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci. Mutum ya ji jikinsa ya saki, ya yi ta dariya, idonsa ya yi ja, bakinsa ya bushe, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, yunwa ta taso masa. Wani kuwa tsoro ne zai kama shi, ya riƙa ganin kamar ana binsa. In ci aka yi ko aka sha a shayi, ba ta kamawa sai bayan rabin awa zuwa awa biyu. Saboda haka mutum yakan ɗauka bai sha isasshe ba, ya ƙara, daga baya duka ta taso masa gaba ɗaya.

Gaskiya ne an halasta ta?

Gaskiya ne, a wasu ƙasashe. Kada ka ƙaryata ɗanka a kan wannan, don in ya gane ba ka sani ba, ba zai ƙara sauraronka ba. Jihohin Colorado da Washington na Amurka sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da ita a 2012. Ƙasar Uruguay ta yi dokarta a 2013, Kanada ta bi a watan Oktoba na 2018, Jamus kuma a watan Afrilu na 2024. A Afirka ta Kudu, kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a watan Satumba na 2018 cewa ba laifi ba ne babban mutum ya sha a keɓe, a cikin gidansa.

Sai dai akwai abin da masu yaɗa labarin suke tsallakewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ta halasta wa yara. A jihohin Amurka sai mutum ya cika shekara 21 kafin a sayar masa. A Kanada shekara 18 ne ko 19, ya danganta da lardi, a lardin Quebec kuwa 21. A Jamus 18. Wanda ya sayar wa yaro ko ya ba shi, doka za ta hukunta shi. Su kansu masu halastawar sun san abin da take yi wa yaro.

Ƙasashen Afirka irin su Lesotho a 2017, Zimbabwe a 2018, Malawi a 2020 da Maroko a 2021, izinin noma suka bayar, ga masu lasisi, domin haɗa magani da kayan masana'antu. Shanta a titi har yanzu laifi ne a can. Haka nan a watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin abubuwa mafi tsananin haɗari, don a sami damar binciken magani, amma ta bar ta cikin jerin abubuwan da ake tsananta wa tsaro.

Me ya sa suka halasta, me kuma suka gani?

Ba don likitoci sun ce ba ta da illa aka halasta ta ba. Gwamnatocin sun ga mutane suna sha duk da hani, kurkuku ya cika, 'yan fasa-ƙwauri suna kwashe kuɗi. Suka ce gara a fito da cinikin fili, a sa masa haraji da ƙa'ida, kamar yadda aka yi wa giya da sigari. Ai sigari ma doka ta yarda da shi a Kamaru, ana sayar da shi a kowane lungu, amma bai fasa jawo ciwon dajin huhu ba.

An sami sauƙi ta wani fanni: kamen mutane saboda ɗan ƙullin wiwi ya ragu ƙwarai. A Amurka kuma ƙididdigar makarantu ba ta nuna 'yan makaranta sun ƙara sha sosai ba. Amma ma'aikatan lafiya sun ga wasu abubuwa da suka tayar musu da hankali.

Na ɗaya, ƙarfinta ya ƙaru. A Amurka, wiwin da aka kama a 1995 tana da THC wajen kashi 4 cikin 100. Zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12. Yanzu a kantuna akwai mai da danƙon wiwi da ƙarfinsu ya ninka wannan sau da yawa. Mai ciniki kullum abin da zai riƙe masa mai saye yake nema.

Na biyu, an mayar da ita alewa, cakulan da biskit. Ƙananan yara sukan tsinta a gida su cinye. A Amurka, yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci irin wannan su 207 ne a 2017. A 2021 sun kai 3,054, wasunsu sai da aka kwantar da su a ɗakin masu tsananin ciwo.

Na uku, tsoronta ya fita daga zukatan mutane, masu shanta kullum sun ƙaru a cikin manya. Ƙasar Tailan ta cire hani a watan Yuni na 2022, dubban shaguna suka buɗe. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta ja da baya, ta ce ba za a ƙara sayarwa ba sai da takardar likita.

Wannan na ukun shi ne ya iso mana. Dokar Kanada ba ta aiki a New Bell, amma hotunan mawaƙa da bidiyon waya suna isowa, kuma ba sa zuwa da gargaɗin shekaru.

Me ya sa yaro ya fi babba shiga haɗari?

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai ya kai wajen shekara 25. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke auna abu kafin a yi shi, yana danne fushi, yana tsara gobe, shi ne na ƙarshen nuna. Jikin mutum yana da nasa sinadarai masu taimaka wa wannan gini, THC kuwa yana kama da su, sai ya shiga wurinsu ya dagula aikin. Kamar ginin laka ne: in ruwan sama ya same shi bayan ya bushe, zai ɗan zaizaye, in kuwa ya same shi yana ɗanye, katangar ce za ta karkace.

Cikin mutum 10 da suka fara shan wiwi, wajen mutum 1 takan kama shi har ya kasa bari. Cikin waɗanda suka fara tun suna 'yan shekara goma sha, abin ya kai wajen 1 cikin 6. Wanda ta kama, in bai sha ba barci ba ya zuwa, abinci ba ya shiga, ɗan abu kaɗan ya harzuƙa shi.

Tana kuma taɓa riƙe karatu. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi rayuwar mutum 1,037 tun daga haihuwa har suka kai shekara 38. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka fara sha tun suna samari, suka kuma daɗe a kai, kaifin basirarsu ya ragu. Wasu masana sun ce talauci da halin gida suna da hannu a ciki. Duk da haka abin da malaman makaranta da masu koyar da sana'a suka sani a fili yake: yaron da ke sha kullum ba ya riƙe abin da aka koya masa jiya, kuma ya fi saurin barin makaranta ko wurin koyon aiki.

Wiwi da taɓin hankali

Wannan ne ya fi damun mu ma'aikatan asibiti. Ba duk mai shan wiwi ke haukacewa ba, ɗanka ma zai iya nuna maka abokansa da suka shekara goma suna sha suna aikinsu. Amma haɗarin na gaske ne, kuma an auna shi.

A ƙasar Suwidin an bi samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, har tsawon shekara 15. Rahoton 1987 ya nuna waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su, haɗarin kamuwarsu da ciwon hauka mai daɗewa ya ninka na waɗanda ba su sha ba wajen sau 6. Wani binciken da aka yi a wurare 11 a Turai da Brazil, aka fitar a 2019, ya nuna mai sha kullum haɗarinsa ya ninka wajen sau 3, mai shan irin mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau 5.

Abubuwa huɗu ke ƙara haɗarin: farawa da ƙuruciya, sha kullum, shan mai ƙarfi, da kasancewar wani a dangi ya taɓa samun taɓin hankali. In akwai wannan ciwo a gidanku, ku gaya wa 'ya'yanku a fili, kada kunya ta hana ku. Su dai ko sau ɗaya bai kamata su gwada ba.

Ciwon yakan fara da rashin barci da keɓewa. Sai yaro ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke ji, ya ce an sa masa guba a abinci, ko maƙwabta suna ƙulla masa sharri. A gida akan ce aljanu ne ko sammu, a yi ta yawo da shi wata da watanni, a sayar da akuya da buhun masara. Gwargwadon jinkirin da aka yi kafin a fara magani, gwargwadon wuyar warkewa.

Sauran illoli

A kan babur: wiwi tana rage saurin ɗaukar mataki, tana ɓata awon tazara, har tsawon awoyi bayan an sha. Mai bensikin da ya sha yana ji kamar ya natsu, alhali kafin ya taka birki a cunkoson Ndokoti ko shataletalen Deido, lokaci ya riga ya wuce. Ransa da na fasinja ne a hannunsa.

A huhu: hayaƙinta yana jawo tari da majina da ba sa jin magani. Zama a ɗaki rufe ana miƙa wa juna naɗi ɗaya kuma hanya ce ta ɗaukar tarin fuka in akwai mai shi a wurin.

A ciki: wasu masu sha kullum sukan kamu da amai mai tsanani da ke dawowa lokaci lokaci, ba sa jin sauƙi sai sun yi wanka da ruwan zafi. Maganinsa barin sha.

Ga mai juna biyu da mai shayarwa: THC yana ratsa mahaifa ya kai ga jariri, yana kuma shiga nono. Jariri yakan zo da ƙarancin nauyi. Kada mace ta sha ta don maganin laulayi, kada kuma maigida ya sha a ɗakin da jariri yake.

Gauraye: a Duwala da wuya mai shan banga ya tsaya a kanta kaɗai. Yakan haɗa da taramol ko giyar leda. Taramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Akwai kuma ganyen da ake fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta, a sayar da sunan wiwi mai ƙarfi. Irin wannan ne kush, wadda ta kashe samari a Saliyo har shugaban ƙasar, Julius Maada Bio, ya kafa dokar ta-ɓaci a kanta a watan Afrilu na 2024. Ƙullin da aka saya a lungu ba wanda ya auna abin da ke cikinsa.

"Ai magani ce"

Akwai ɗan gaskiya a nan ma. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin ruwa mai suna Epidiolex, da aka tace daga CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Akwai kuma ƙwayoyin da ake ba masu ciwon daji don tsayar da amai. Waɗannan an tace su, an auna su, likita ne ke rubutawa, yana kuma bin mara lafiya. Allurar kashe zafin da muke yi wa wanda aka yi wa tiyata ma daga wani tsiro mai bugarwa ake samo ta, amma ba wanda zai ce a bar yara su riƙa shan tsiron. Wiwi ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ta maganin shawara, ba ta ƙara ƙarfin aiki. Gajiyar tana nan, mutum ne ya daina jin ta na ɗan lokaci.

Me dokar Kamaru ta ce?

Dokar ranar 7 ga Agusta 1997 kan miyagun ƙwayoyi ta hana noma wiwi, sayar da ita, ɗaukarta da shanta. Wanda aka kama a Duwala yana iya ƙarewa a babban kurkukun New Bell, wanda aka gina don mutanen da ba su kai 1,000 ba, amma na cikinsa sun ninka haka sau da yawa. Manoma su kula: in wani ya ba ka kuɗi ka shuka masa ita a tsakiyar rogo ko masara, ko ya ba ɗanka jaka ya kai masa birni, ku ne za ku amsa a gaban alƙali. A Najeriya ma haramun ce a doka, duk da haka binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shanta a can sun kai miliyan 10.6. Wannan ya nuna hani kaɗai ba ya tsare yaro. Sai gida ya yi nasa aikin.

Alamomin da iyaye za su lura da su

Jan ido da wari mai kauri a tufafi ko ɗaki. Barcin rana da yawon dare. Sabbin abokai da ba ya son a gani. Kuɗin da yake aikowa ya ragu ko ya tsaya, kaya sun fara ɓacewa a gida. Ya daina kula da gona, makaranta ko tsabtar jikinsa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma in uku ko huɗu suka taru, lokacin magana ya yi.

Yadda za a yi magana da shi

Kada ka tare shi yana cikin maye, kada kuma a gaban ƙannensa. Nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ku biyu kaɗai, ko da kawunsa da yake jin nauyi. Fara da tambaya: "Ɗana, yaushe ka fara? Me take yi maka?" Sau da yawa amsar ita ce gajiya, rashin barci, baƙin ciki ko tsoron kada abokai su raina shi. In ka san abin da ya kai shi, ka san inda za ka taimaka.

In ya kawo zancen Kanada, ka ce masa: "Haka ne, amma a can ma ba a sayar wa sa'anka." Duka da gori ba sa raba yaro da wiwi. Kora daga gida kuwa miƙa shi ne ga masu sayarwa. Ku gindaya masa sharaɗi a fili: ba sha a gida, ba hawa babur in ya sha, ba kuɗi a hannu sai abin da ya zama dole. Uwa da uba su zama baki ɗaya. Fasto, limami, dattawan unguwa da shugabannin matasa suna da amfani a nan, muddin za su rufa wa gidan asiri, ba su mai da yaron abin misali a gaban jama'a ba.

In ya yarda zai bari

Ku gaya masa tun da wuri abin da zai ji, don kada ya karaya. Daga kwana 1 zuwa 3 zai fara fushi, rashin barci, munanan mafarkai, gumi da rashin cin abinci. Makon farko ya fi wuya. Yawanci bayan mako biyu abin yakan lafa, ko da yake barci kan ɗauki lokaci kafin ya daidaita. Wannan wahala ba ta kisa. A ba shi abinci da ruwa, a ba shi aikin hannu da zai gajiyar da shi da rana, a raba shi da wurin da ya saba sha. In ya koma sau ɗaya, ba a yi asara ba, a sake farawa. Ku kawo shi asibiti a duba shi, musamman in yana haɗawa da taramol ko giya, don barin waɗannan farat ɗaya yana bukatar kulawar ma'aikacin lafiya.

Lokacin da za a garzaya asibiti

In yana jin muryoyi, yana zargin kowa, ko ya kwana biyu bai runtsa ba. In ya ambaci kashe kansa ko wani. In ya yi jijjiga, ya suma, ko numfashinsa ya yi ƙasa. In ƙaramin yaro ya ci abin da aka dafa da wiwi: a kwantar da shi ta gefe, kada a tilasta masa amai, a kawo shi nan da nan. In ruɗewar ta zo da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, kada a ɗora wa wiwi, zai yiwu zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai ko sanƙarau.

Kafin a iso, a kawar da wuƙa, adda da igiya, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a hankali, kada a taru a kansa. Kada a ɗaure shi da mari, kada a yi masa bulala ko hayaƙi. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, mu ba 'yan sanda ba ne. A Duwala akwai sashen masu taɓin hankali a asibitin Laquintinie, a Yawunde akwai asibitin Jamot, asibitocin gunduma na New Bell da Deido kuma za su iya duba shi su tura shi gaba. A ƙauye, ku fara da asibiti mafi kusa. Akwai magungunan da ke kwantar da wannan ciwo, kuma da yawa sukan koma aikinsu in sun riƙe magani, suka kuma rabu da wiwi.

Kafin ɗanka ya tafi birni

Ku zauna ku yi wannan magana tun yana ɗan shekara 12 ko 13, kafin wani ya riga ku. In zai tafi Duwala, ka san gidan da zai sauka da sunan maigidansa, ka damƙa shi a hannun wani dattijo na garinku da ke zango, ka karɓi lambar wayarsa. Ka riƙa kiran ɗanka kana tambayar barcinsa da abincinsa, ba kuɗin da zai aiko kaɗai ba. Kai kuma saurayi, in abokin ɗaki ya miƙo maka, ka ce kana da aiki da asuba, ka tashi daga wurin. In ka riga ka fara, ka zo mu yi magana. Abin da ka gaya wa ma'aikacin lafiya tsakaninku zai tsaya.